Buzun Inna Luba

Mandawari, cikin birnin Kano
Fabrairu, 1999

Adda Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa nan mai yawa, sai da na danna ta sannan ta shiga ambulan. Ina fata kina lafiya, da Baffa da Goggo da duk mutanen Yola. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ta ɗan motsa, ta kuma lafa. An yi ƙaramar sallah lafiya, amma lallen bana ni na ƙunsa wa kaina, hannun hagu ya yi kyau, na dama kamar kaza ta taka.

Kakarmu Inna Luba tana gaishe ki. Idon nata ne dai ya ƙara yin ƙasa, ta ce yanzu kamar ta bayan gyale take kallon mutane. Ba ta ganin baƙi a takarda, amma karatu bai tsaya ba tunda duk yana kanta. Da hantsi matan unguwa suna zuwa kamar kullum, kowacce da littafinta, ita tana kan buzunta su suna tabarma.

Mu ne kawai namu ya tsaya. Kin tuna jan bango, littafin ladubban neman ilimi, da muka fara tare lokacin da kika zo mana hutu, hutun ya zama shekara uku? Yana nan inda kika bar shi ranar da kika tafi kwaleji, saura babin ƙarshe. Na roƙe ta ta ƙarasa mini, ta ce a gidan nan waɗanda suka buɗe littafi tare, tare suke rufe shi, haka ta tarar, haka za ta bari. Sai ranar saukar ne take jero sunayen waɗanda ta karɓa daga bakinsu, ta sa naki a ƙarshe, ta ba ki izini ki karantar. Ni sunayen nan nake son ji, Adda. Ina jin kamar wata doguwar igiya ce da aka zuro daga can nesa, bakinta yana lilo a tsakar gidanmu.

Bari in ba ki labarin abin kunya. Rannan ina zaune kusa da ita wai ina bita, alhali littafin soyayya ne a ƙarƙashin hijabina, sai ta ce, "Sa'ida, jan bango ba ya ƙarar takarda irin wannan. Fito da shi." Na so ƙasa ta tsage. Maimakon faɗa sai ta ce in karanta mata. Da ƙarfi! Ni da ko a aji malami bai san sunana ba, sai dai "ke ta bayan can". Na fara kamar sauro, ta ce, "Da bango kike magana ko da ni?" Yanzu kullum bayan la'asar sai na karanta mata. Tana tsayar da ni ta ce na haɗiye ƙarshen magana, ko ta ce, "Yarinyar nan da ta ce ba ta son sa, me take nufi?" Ta ce saurayin littafin ba shi da sana'a sai jingina da mota.

Gari ya cika da fastoci. Kawu Ilu ya zama ɗan siyasa, ya ce in farar hula suka hau har fanka za a sa mana a aji.

Don Allah ki zo da babbar sallah. Gefenki na katifa har yanzu ba na mirginawa can.

Ƙanwarki mai kewarki,
Sa'ida

*

Jimeta, Yola
Maris, 1999

Sa'ida 'yar mafarki,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na yi dariya har 'yan ɗakinmu suka ce in karanta musu, na ƙi. Kowa lafiya, sai zafi da ya fara gasa mu. Ki yi wa Baba sannu, ki durƙusa ki gaishe mini da Inna da kyau.

An tura mu gwajin koyarwa, ni an ba ni wata firamare a bayan kasuwa. Sa'ida, yaran ajina sun haura tamanin. Wasu a benci, wasu a ƙasa, wasu a taga. Akwai manhaja da aka tsara, kowane mako da abin da za a gama, ko an gane ko ba a gane ba. Ana kaɗa ƙararrawa sai in ɗauke allina in fita, ko da a tsakiyar magana nake. Ina tuna yadda Inna ta riƙe mu wata guda a kan babin niyya, wai ba ta gan shi a tafiyarmu ba tukuna. In na yi haka a nan korata za a yi.

Amma kada ki ce na raina aikin. A ajina akwai 'yar mai wanki da ɗan mai faci, waɗanda ba su da wata Inna a gidansu. Inna mutum nawa za ta iya ɗauka? Kuma abin da ke kan mutum ɗaya, in ya kwanta ciwo, ya kwanta da shi. Wannan yana damuna ƙwarai.

Maganar sallah, ba zan samu zuwa ba. Hutun kwana kaɗan ne, ga wahalar mai, mota sai ta kwana a hanya, kuma malamin da zai duba ni ba ya faɗin ranar zuwansa. In ya zo ba na nan, shekarar ta tafi.

Na ga jan bango a kasuwa, sabon bugu har da fassara, na saya. Babin ƙarshen a kan bankwana da malami ne, ɗan gajere, na karance shi a zaune ɗaya. Saboda haka ki faɗa wa Inna na ce ku sauke, kada ku jira ni. Ki faɗa mata yau, ba gobe ba.

Ki rage karatun soyayya, jarrabawa na tafe.

Addarki,
Rabi'atu

*

Mandawari
Afrilu, 1999

Adda Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kina lafiya.

Na karanta takardarki har ta fara yagewa a ninki. Na san irin wannan maganar. A duk littafin da na karanta, in mutum ya ce "kada ki jira ni", to ya riga ya samu wani wurin ne, yana neman hanyar da zai faɗa ba tare da an ga laifinsa ba. Kin samu ajinki da allinki da sabon bugu mai fassara. Mu kuma mun zama tsohon bugu.

A zaune ɗaya, Adda? Abin da muka yi shekara uku muna tafiya zuwa gare shi? Ke ce fa kike riƙe mini hannu a ƙarƙashin hijabi in Inna ta jefo mini tambaya. Ke kike yi mini bita a soro kafin mu shiga, ki ce in na kasa ke ma kin kasa.

Ban faɗa wa Inna ba, kuma ba zan faɗa ba. In ta ji, za ta sauke mini ni kaɗai, daga nan shi ke nan, ba sauran abin da zai dawo da ke gidan nan. Gara littafin ya zauna a buɗe. Da sallah ta sa an ajiye miki soyayyen nama a kwano, ta ce ko za ki zo daga baya. Ni na ce mata kina hanya.

Ta daina fitowa tsakar gida, a ɗaki take ba da karatu yanzu. Ta ce zafi ne.

Ba sai kin ba ni amsa ba in ba ki da lokaci.

Sa'ida

*

Jimeta
Ƙarshen Afrilu, 1999

Sa'ida,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, amma ban ci abinci ba tun da na karanta takardarki. Zan ba Malam Jibrin direba wannan hannu da hannu, don ta fi gidan waya sauri.

Ke wai komai sai kin mai da shi littafi? Wane wuri na samu? Ɗakin da muke kwana mu shida? Saurara da kyau. Kawu Ilu ya biyo ta nan wajen taronsu na siyasa, ya gaya wa Baffa cewa likita ya ce zuciyar Inna ta kumbura, ba zafi ba ne ya shigar da ita ɗaki. Manya sun ce kada a gaya miki saboda jarrabawarki. Shi ya sa na ce kada ku jira ni. Na ce na karanta babin ne don ta samu hujjar sakina, ba don na ɗauka na iya ba. Na karanta, na san abin da kalmomin suka ce, amma ban ji komai ba, kamar na lashi hoton zuma.

Kin ce na manta bitar soro. To ji. Da na ga yarana ba sa ganewa, sai na haɗa su biyu-biyu, wanda ya ɗan yi gaba da wanda ke baya, na ce ba wanda ya gama sai abokinsa ya gama. Ajin ya kaure da surutu, hedimasta ya leƙo ya ce kasuwa na buɗe? Amma akwai wata Asibi da ba ta taɓa buɗe baki ba, kamar wata da na sani, rannan na ji ta tana gyara wa abokiyarta karatu har da tsawa. Na kuma hana kaina fara darasi sai na kira sunan kowa ba tare da duba rajista ba. Ban gama haddacewa ba, amma na kusa. Duk wannan daga soron gidanku na ɗauko shi.

Don girman Allah, kina ajiye takardar nan ki shiga wurinta. In littafin ya zauna a buɗe ta tafi, sunayen nan sun tafi da ita, ba ni ba ke. Ni zan dawo gidan ko da littafi ko babu. Ba a ɗaure ni da babi ba, uwar shirme.

Addarki da ba ta canza ba,
Rabi'atu

*

Mandawari
Yuni, 1999

Adda,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Kawu Ilu ya buga wa Baffa waya a ofis, kin riga kin ji. Inna ta cika ranar Talata da walaha, an kai ta kafin azahar. Mutanen gida suna nan da haƙuri. Baba ba ya magana sosai.

Takardarki sai bayan an yi bakwai ta iso. Motar Malam Jibrin ta lalace a hanya, ya bar ta a gareji da takardar a aljihun gaba, ya zo yana ta ba da haƙuri. Na karanta a soro. Adda, duk tsawon watan nan ina cewa kin yi fushi kin share ni, har na shirya maganganun da zan faɗa miki in mun haɗu, masu zafi, irin na littafi. Ki yafe mini.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don kada ki kwana da tunanin sunayen sun tafi.

Ranar da sojoji suka miƙa mulki ba makaranta. Duk gidan an taru a tsakar gida wajen rediyo, Kawu Ilu ya sha babbar riga tun asuba kamar shi za a rantsar. Ni ina ɗakin Inna ina yi mata fifita. Sai ta ce, "Me Rabi ta ce a takardarta ta kafin sallah?" Na ci gaba da fifita. Ta ce, "Wata biyu kina karanta mini na mutanen da ba su wanzu ba, ba ki karanta mini na 'yar'uwarki ba. Ta ce a sauke, ko?" Na fashe da kuka. Na ce in an sauke ba za ki dawo ba. Ta ce, "Au, garkuwa kika yi da littafina? Babin niyya bai zauna ba ke nan, da ina da lokaci da mun koma can." Tana faɗa tana dariya, dariyar tana sa ta tari.

Ta ce in ɗora ta kan buzu. Na ce ta bari a gado, ta ce ba a ba da karatu a kwance. Na ɗauko jan bango na zauna a tabarma, ina karanta baƙin tana fassarawa, tana tsayawa tana hutawa. A waje ana ta buga take a rediyo, yara suna ihu a lungu. Sau biyu ta ce in ɗaga murya, na uku ba ta ce ba.

Da muka kai ƙarshe ta kama hannuna ta jero sunayen. Ta faro daga goggonta Nana Hauwa ta Dukawuya, ita kuma daga mahaifinta Malam Abdulmuttalib, haka haka har sunayen suka daina kama da na mutanen Kano. Ta sa na maimaita har suka zauna. Akwai mata a ciki fiye da yadda na zata.

Sannan ta ce, "Na ba ki, amma ban rufe ba. Rabi'atu za ta karɓi babin nan daga bakinki, kina kan buzun nan tana tabarma. Ranar da ta karɓa, ranar kuka sauke ku biyu, a dafa abin sadaka. Kafin nan ke mai ajiya ce." Na ce Inna, ni? Adda fa malama ce, har aji gare ta. Ta ce, "Ai shi ya sa za ta iya zama a tabarma." Na ce muryata ba ta fita. Ta ce, "To wa ya yi wata huɗu yana cika mini kunne da mai jingina da mota? Kin zata labarin nake so?"

Matan hantsi sun watse, kowacce ta ɗauki littafinta. Dije mai ƙosai ta ce za ta nemi wata malama a Gwale. An naɗe buzun an ɗora a kan akwatinta. Ƙamshin turarenta yana jiki.

An yi ruwan farko washegarin rasuwar. Na so a ce kina nan.

Ƙanwarki,
Sa'ida

*

Jimeta
Yuli, 1999

Sa'ida,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya ba mu haƙuri. Ki yi wa Baba ta'aziyya kafin Baffa ya iso. Ba abin da zan yafe, ni ce na yi miki magana a dunƙule.

An duba ni, na ci, malamin ya rubuta cewa ajina ya cika surutu amma yaran suna amsa tambaya. Na so in gaya wa Inna.

Sa'ida, zan faɗa miki gaskiya, ina tsoron ɗakin nan. Ta ajiye mini nama ban zo ba. Ban san yadda zan ɗaga labulen in ga gadon ba kowa ba. Ga shawara: ki rubuto mini duk abin da ta faɗa a kan babin, da sunayen, kalma bayan kalma. Kin iya rubutu fiye da kowa a danginmu. Hakan ma ya fi tsaro, abin da aka rubuta ba ya mutuwa. In na samu ƙarfin zuciya daga baya sai in zo.

Addarki,
Rabi'atu

*

Mandawari
Yuli, 1999

Adda,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Baba ya fara fita kasuwa. Barka da cin jarrabawa, na gaya wa kowa har da Dije.

A'a.

Ban taɓa ce miki a'a ba sai yau. Na yarda da ke a kan rubutu, kuma ranar da muka sauke za mu zauna mu rubuta sunayen tare, mu ba 'yan ajinki ma in kina so. Amma ba zan sa babin nan a aljihun motar Malam Jibrin ba. Akwai wurin da Inna ta yi shiru a tsakiyar fassara, ta daɗe, sannan ta ci gaba. Ta yaya zan rubuta wannan? Akwai wurin da ta tambaye ni, ta jira sai da na amsa. Ni ma sai na tambaye ki, in ga fuskarki.

Ɗakin ba abin tsoro ba ne. Ni nake share shi. Kullum bayan la'asar ina shiga in karanta babin da ƙarfi don kada ya kufce mini, har Kawu Ilu ya ce ya zata rediyo aka bari a kunne. Amma ajiya tana da nauyi, Adda. In na yi zazzaɓi sai in kama jero sunayen ina tsoro.

Buzun ne dai ban taɓa ba. Na yi tunani, in kin zo sai mu zauna a tabarma mu biyu kamar da, mu bar shi a kan akwati. Ba wanda zai sani.

Ki zo. Ni ma ina tsoro, gara mu ji shi tare.

Sa'ida

*

Jimeta
Agusta, 1999

Malama Sa'ida,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. An ba mu hutu, ina tafe ranar Alhamis in Allah ya yarda, ni da kaina ba a aljihun mota ba. Ki gaya wa Dije ta jiƙa wake, a faɗa wa matan hantsi.

Ba za mu zauna a tabarma mu biyu ba. Ni zan sani. Ki sauko da buzun ki shanya shi ya sha iska, kuma in kika yi mini magana kamar sauro, zan tambaye ki ko da bango kike.

Ɗalibarki,
Rabi'atu